Gashin Mishmish

Yau kwana arba'in, baƙi na tafe da la'asar.
Inna Kande ta ce, "Talatu, kujerar nan abin kunya ce."
Na duba, gaskiyarta.
Koren kushin da Baba ya sayo a kasuwar Kasala
shekarar da riɗi ya yi daraja
ya koma fari-fari, kamar an barbaɗa masa garin dawa.

Aikin Mishmish ne.
Ga ta can bisa katanga tana lasar dantse,
ko a jikinta, wai an tsikari kakkausa.

Na fara da tsintsiya, gashi ya yi mini dariya:
ya tashi, ya yi shawagi cikin hasken taga,
ya koma inda ya fito.
Buroshin takalmi kuwa ƙara cusa shi ya yi cikin saƙa.
Guntun salatef ɗin da Habu ya bari
kafin ya koma bakin aikinsa a Bur Sudan
ya ɗebe kaɗan, ban kai hannun kujera ba ya ƙare.

Sai maƙwabciyarmu Sittana ta leƙo,
ƙamshin gahawa da citta na biye da ita.
"Jiƙa tafin hannunki, 'yar nan, yayyafi kawai,
ki shafa ta gefe guda kamar mai lallashin yaro.
In ya ƙi, ga gindin silifa."

Na jiƙa, na shafa.
Sai ga shi yana naɗewa,
silili-silili, curi-curi,
kamar abawa a hannun mai kaɗi.
Na bi jingina, na bi gefe,
na zo kan kwarmin da zaman shekara goma sha tara ya haƙa,
wanda duka da faskare bai tayar ba.
Na zura yatsa a lungu:
ƙwallon dabino biyu,
ƙwayar carbi da muka nema har ƙarƙashin gado,
da takardar maganin da ya rantse ya shanye.

Sannan wani gashi ya maƙale mini a farce.
Fari ne shi ma, amma ya fi tsawo, ya fi kauri,
da 'yar lanƙwasa a ƙarshe.
Wannan ba na mage ba ne.

Nan yake zama bayan magariba,
rediyo a kunne, ita a cinya,
hannu ɗaya a gemu, ɗaya a bayanta,
duk biyun yana tsefewa.
In mun ce a kore ta sai ya ce,
"Ku bar baiwar Allah, ba ta karya alwala."

Na buɗe curin da na tara.
Wanne ne nata, wanne nasa?
Sun sarƙe, sun ƙi rabuwa.
Na tsaya bakin kwandon shara
har ruwan hannuna ya bushe.
Daga nan na ƙulle shi a bakin mayafi
inda nake ƙulle kuɗin cefane.

Baƙi suka zo, aka yi addu'a, aka raba waina.
Liman ya zauna a kai, ya tashi, farar jallabiyarsa tas.
Inna Kande ta gyaɗa kai, yabonta ke nan.

Da Dutsen Taka ya haɗiye jan rana
gida ya rage daga ni sai tabarmi,
ta diro daga katanga.
Ta shinshina kushin, ta dube ni,
ta kewaya sau biyu,
ta kwanta daidai cikin kwarmin.

Na ɗaga silifa.
Na mayar da ita ƙafata.

Zuba abinki, Mishmish.
Akwai ruwa a randa,
hannuna kuma ya iya yanzu.